Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Shari'a, Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya Da 'Yan Majalisa: Idan Kamfani Ya Karye, Ina Ƙaramin Mai Bin Bashi Zai Kai Kukansa?

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe mai girma Antoni Janar kuma Ministan Shari'a na ƙasa, mai shari'a Babban Alƙalin Babbar Kotun Tarayya Allah ya ƙara maka lafiya, iyayenmu 'yan majalisar dattawa da ta wakilai musamman masu riƙe da kwamitocin shari'a da na kasuwanci, da shugaban hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, da addu'ar Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Ni ɗan kasuwa ne a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a nan Abuja, siminti da rodi nake sayarwa yau shekara 19. Ni ba lauya ba ne, abin da na sani na shari'a a kan bencin kotu na koye shi da kuma bakin lauyoyin da na biya kuɗi suka yi mini bayani. Wannan wasiƙa ba tawa ba ce ni kaɗai, na rubuta ta ne a madadin ire-irena, masu katako da masu kwano da masu fenti da tayil, masu tifa da ke kai yashi da tsakuwa, masu buga bulo a Kubwa da Gwagwa da Karmo, har da matan da ke dafa wa leburori abinci a wurin gini a kan sai ƙarshen wata a biya su. Dukkanmu abu ɗaya ya haɗa mu, mun ba wani kamfani kaya ko aiki bashi, kamfanin ya durƙushe, muka nufi kotu muka rasa ƙofar da za mu shiga.

Kafin in shiga koke bari in faɗi yadda kasuwarmu take, don wanda ke zaune a ofis zai iya cewa to wa ya aike ku ba da bashi. Ranka ya daɗe, ginin Abuja da bashi ake yin sa. Ɗan kwangila zai zo ya ce a kai tirela biyu Lugbe ko Lokogoma, idan an biya shi kuɗin aikin da aka tantance ya yi sai ya biya ka, in ka ƙi maƙwabcinka zai bayar, kai kuma kayan da ke shagonka kaima wani dila ne ya ba ka a kan amana. Haka sarƙar take tun daga masana'anta har zuwa ɗan dako. A 2021 na ba wani kamfanin gina rukunin gidaje siminti da rodi na naira miliyan 14 da dubu 600, ba zan kama sunansa ba. Mun shekara huɗu muna hulɗa ba su taɓa cin kwabona ba, sai wannan karon suka ba ni cek na kai banki ya dawo. Yau da nake wannan rubutu ko naira ɗaya ba ta shigo hannuna ba.

Kokenmu na farko kuma mafi girma shi ne maganar hurumi, wato wace kotu ce ke da ikon sauraron wace ƙara.

Ga yadda aka yi mini bayani. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 251, ya ce duk abin da ya shafi karyewar arziki da gazawar biyan bashi, da duk abin da ya taso daga dokar kamfanoni ta CAMA, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke da hurumi. To amma kuma Kotun Ƙoli tun a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna a 2005 ta ce bashin ciniki zalla, na ba ka kaya ba ka biya ni ba, wannan ba na Kotun Tarayya ba ne, na babbar kotun jiha ne ko ta birnin tarayya. Sannan idan ma'aikaci ne ke bin albashinsa, tun gyaran tsarin mulki na uku da ya kawo sashe na 254C, kotun ma'aikata ta ƙasa ce ke da wannan. Kaga kenan kamfani ɗaya ne ya faɗi, dukiya ɗaya ce za a raba, amma masu bin sa bashi an watsa su kotuna uku, kowace da alƙalinta da ranar zamanta da kuɗin shigar da ƙararta, kuma ba lallai wannan ta san abin da waccan take ciki ba.

Ni abin da ya same ni, lauyana na farko ya ce mu nemi a rushe kamfanin kawai tunda ya kasa biya, dokar ta ce ka aika musu takardar neman kuɗinka, in sun yi sati uku ba su biya ba ana ɗaukarsu a matsayin waɗanda suka gaza. Muka aika, muka jira, muka shigar. Sai lauyoyinsu suka zo suka ce ai su ba su yarda da adadin ba, wai wani rodin da na kai bai kai milimita da aka yi oda ba, maganar da ba su taɓa yi mini ba a wata goma sha ɗaya. Mai shari'a ya ce tunda akwai jayayya a kan bashin, ba a amfani da ƙarar rushe kamfani wajen karɓar bashi, in je in tabbatar da bashina a kotun da ta dace tukuna. Ban ga laifinsa ba wallahi, abin da doka ta ce ya bi. Muka koma kotu ta biyu muka fara daga farko, sabon kuɗin lauya, sabon fayil, aka yi ta ɗage zama, ana gab da in kira shaidana na ƙarshe sai lauyansu ya miƙe ya nuna takarda cewa wata kotu a Legas ta riga ta ba da umarnin rushe kamfanin a kan ƙarar wani da ke binsu, don haka duk wata ƙara da ake yi da su ta tsaya cak sai an nemo izini daga can. Shekara biyu da wata bakwai ina zirga-zirga, ba a taɓa zama an tambayi ainihin tambayar ba, shin sun karɓi kayana ko ba su karɓa ba.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne ita maganar hurumi ba ta da lokaci. Lauyoyi na yawan ambaton tsohuwar shari'ar Madukolu ta 1962, cewa duk shari'ar da aka yi ba tare da hurumi ba ta tashi a banza komai kyan yadda aka gudanar da ita, kuma ana iya tayar da maganar ko a Kotun Ƙoli ne. Na fahimci hikimar, ba a so kotu ta shiga gonar da ba tata ba. Amma a aikace wannan ya zama makami a hannun mai kuɗi, zai yi shiru ka gama wahalarka ka ci shari'a, sai ya ɗaukaka ƙara ya ce ai tun asali ba nan ya kamata a kawo ba, shekara biyar ko takwas ta wuce, motocin kamfanin an sayar, filayen an canza musu suna, kai kuma jarinka ya narke. Sashe na 22 na dokar Babbar Kotun Tarayya ya ba ta ikon tura ƙara zuwa kotun jiha maimakon ta kore ta, wannan abu ne mai kyau, to me zai hana a yi shi ta kowane ɓangare kuma a wajabta shi, duk kotun da ta ga ƙara ba tata ba ce ta miƙa fayil ɗin yadda yake zuwa inda ya dace a ci gaba daga inda aka tsaya?

Koke na biyu, nisa da rashin sanarwa. Dokar CAMA ta ce ƙarar rushe kamfani ana kai ta ne reshen Kotun Tarayya da ke inda ofishin kamfanin na rajista ko hedikwatarsa take. Kamfanoni da yawa da ke aiki a Abuja adireshinsu na takarda a Legas yake ko Fatakwal, alhali duk aikinsu da duk bashin da suka ci a nan ne. Yanzu dan Allah mai buga bulo da ke bin naira dubu 800, ta yaya zai ɗauki lauya a Legas ya biya masa jirgi da masauki duk zama? Lissafin ba ya fita, sai ya haƙura ya bar wa Allah. Sannan sanarwar da ake bugawa cewa masu bin bashi su kawo hujjojinsu, a gazet, wato jaridar sanarwa ta gwamnati, ake sa ta da wani ɗan lungu a jaridar Turanci. Mu nawa ne a Dei-Dei muke ganin gazet? Ni a bakin lauyan abokin shari'ata na ji an rushe kamfanin, a cikin kotu, wata biyar bayan an yi.

Kuma ba wai ba a iya yi ba ne. Lokacin da Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar kuɗin masu ajiya a banki ta NDIC ta fito nan take ta yi shela a rediyo da talabijin da intanet, ta yi amfani da lambar BVN ta tura wa masu ajiya kuɗinsu har zuwa naira miliyan 5 a wasu asusunsu. Wannan ya nuna idan hukuma ta so ta nemo ƙananan mutane tana iya nemo su. Mu da muke bin kamfanin da ba banki ba, ba mu da wata hukuma da ke neman mu.

Na uku shi ne layin rabo, kuma a nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Idan aka tattara dukiyar kamfani, wanda ke da jingina a kan takamaiman kadara, fili ko gini ko inji, shi ne gaba da kowa, kuma kusan kullum banki ne ko AMCON, hukumar da ke sayen basussukan da bankuna suka kasa karɓowa, idan ita ta sayi bashin. Bayansa sai kuɗin aikin rushewar kansa, sai waɗanda doka ta fifita irin su haraji da albashi da kuɗin fansho na ma'aikata, sai mai jingina ta bai ɗaya a kan sauran kayan kamfani, shi ma yawanci bankin ne dai. Mu masu kai kaya mu ne a can ƙarshen layi, sai abin da ya rage, kuma ba kasafai wani abu ke ragewa ba. Ban ce a hana banki haƙƙinsa ba, kuɗin jama'a ne a hannunsa, kuma albashin lebura da maigadi wallahi ko ni aka tambaya zan ce a fara biyansu. Amma a duba wannan, gidajen da banki ya naɗa risiba, wato wakilin da ke karɓe masa kadarar da aka jingina, ya karɓe ya sayar, da simintina aka gina su, rodina ne a cikin ginshiƙan, wato ni na ƙara wa jinginar banki daraja da jarina sannan aka ce ba ni da komai a ciki.

Ranar da na ji an naɗa risiba na je wurin ginin da kaina. Akwai rodina mai milimita 16 da na kai a tirela ta ƙarshe, a ɗaure yake ko waya ba a kwance ba, da fentin da nake shafa wa kayana a baki. Na nuna rasit, na nuna takardar da mai kula da sitonsu ya sa hannu, aka ce mini tunda na sayar kuma na miƙa, ya zama dukiyar kamfani, sai dai in da mun rubuta a yarjejeniya cewa kayan nawa ne har sai an gama biya. Ban taɓa jin wannan sharaɗi ba sai ranar. Mu abin da muka tashi muka ji malamai na karantarwa a babin wanda ya talauce shi ne hadisin Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa wanda ya sami kayansa da idonsa a wurin mutumin da ya karye to shi ya fi kowa cancanta da su. Da wannan fahimtar dubban 'yan kasuwa a Arewa suke ba da kaya bashi, ba su san dokar ƙasa ta tafi wata hanya daban ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa kasuwa ya faɗa musu. Haka ma dokar jinginar kayan da ake iya ɗauka ta 2017 da rumbun rajistar jingina da ke ƙarƙashin Babban Banki, an ce ƙaramin ɗan kasuwa na iya rajistar haƙƙinsa a kan kaya a can, to a layinmu na tambaya shago shago ban sami mutum ɗaya da ya san da ita ba.

A Ingila, inda muka kwafo yawancin dokokin nan, tun dokar da suka yi a 2002 suna yanke wani kaso daga abin da mai jinginar bai ɗaya zai samu su ware wa marasa jingina, rabin fam dubu 10 na farko da kashi 20 cikin ɗari na abin da ya biyo baya, har zuwa wani iyaka da suka ɗaga zuwa fam dubu 800 a 2020. Ba zai biya kowa duka ba amma mutum zai koma gida da wani abu. Mu a nan ban taɓa ganin wanda aka kira aka ce ga naka kason ba.

Na huɗu, dokar karyewar mutum ɗaya. Ita CAMA ta kamfanoni ce, an sabunta ta shugaba Buhari ya sa hannu a watan Agustan 2020, kuma gaskiya an kawo abubuwa masu kyau, akwai tsarin sasantawa da masu bin bashi, akwai naɗa mai riƙon kamfani don a ceto shi maimakon a binne shi, an kuma ce ba kowa ne zai yi aikin rushe kamfani ba sai mai lasisi. Mun yaba. Amma yawancin waɗanda muke hulɗa da su ba cikakken kamfani mai Ltd ba ne, rajistar sunan kasuwanci kawai gare su ko ma babu, su kuma dokar da ta hau kansu ita ce ta 1979, wadda har yanzu maganar bashin naira dubu 2 take yi, kuɗin da yau ba zai sayi rabin buhun siminti ba. Kuma hanyar da aka fi bi a cikinta sai ka fara cin shari'a a wata kotu ka riƙe hukunci a hannu, sannan ka je Kotun Tarayya a ba wanda kake bi sanarwar kwana 14, sannan a fara wata sabuwar tafiya. Shi ya sa kusan ba wanda ke amfani da ita. An yi yunƙurin sauya ta a majalisa ta takwas amma bai zama doka ba, daga nan kuma shiru. Tsarin mulki ya hana wanda kotu ta ayyana a matsayin karyayye tsayawa takara har sai an wanke shi, to amma idan dokar ayyanawar ba ta aiki, wannan sashe ado ne kawai.

Na biyar gajere ne amma kowa a kasuwa ya san shi. Kamfani zai mutu ranar Juma'a, ranar Litinin masu shi sun buɗe wani da sabon suna, ofis ɗaya, motoci ɗaya an sake musu fenti, injiniya ɗaya, har su aiko maka da sabuwar oda. In ka yi magana a ce wancan kamfani daban wannan daban. Dokar 2020 ta tanadi a kama darakta da kansa idan ya ci gaba da cin bashi alhali ya san kamfanin ba zai tashi ba, ko ya yi da niyyar zamba. Wa zai bi mana wannan? Mai rushewar da kuɗin aikinsa ke fitowa daga ɗan abin da ya rage, ko ni da na riga na sayar da motata na biya lauya?

Ranku ya daɗe, ga abin da wannan ke haifarwa a ƙasa. Mutane sun daina zuwa kotu, ofishin 'yan sanda suke zuwa. Na san doka ta hana, dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 da dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 sashe na 8 duk sun ce ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma wanda ya yi haka yana iya ƙarewa shi ake ci tara a ƙarar take haƙƙi. Ni ban goyi bayan hakan ba kuma ina hana yarana. Amma mutumin da ya ga maƙwabcinsa ya shekara uku a kotu bai samu komai ba, wani kuma ya kai ƙara ofis an tsare wanda yake bi bashin kwana biyu 'yan uwansa sun kawo rabin kuɗin, wace hanya kuke ganin zai bi? Wasu ma ba hukuma suke zuwa ba, samari suke tarawa su je su kwashe janareto da injin kwaɓa siminti, daga nan sai faɗa, wani lokacin har a mayar da shi rigimar ƙabila ko addini alhali asalinsa kuɗin bulo ne.

Sannan ko an ci shari'ar, kuɗin ba shi ne kuɗin ba. Lokacin da na ba da kayana buhun siminti bai kai naira dubu 5 ba, a farkon 2024 a nan Abuja mun ga ya haura dubu 10. Ko yau aka ƙirgo mini miliyan 14 ɗina cif, rabin kayan da na bayar zan iya mayarwa shago. Duk wata ɗaya da aka ɓata ana gardamar wace kotu, mai bin bashi ne ke biyan kuɗinsa. Yara shida ne ke aiki a shagona a da, yanzu biyu ne, kuma dilan da ya yarda da ni shekara goma yanzu sai na tura kuɗi kafin ya loda mini mota. Akwai wani dattijo mai katako a layin bayanmu da kamfanin nan ɗaya ya riƙe wa kuɗi, hawan jini ya kwantar da shi, ya koma garinsu, 'ya'yansa ne ke zuwa tambayata ko akwai labari.

Ina so a fahimce ni, ba muna neman a wulaƙanta wanda ya karye ba ne. Karyewa ƙaddara ce tana iya faɗa wa kowa, kuma Allah ya ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jira shi har ya samu sauƙi. Na san 'yan kwangila mutanen kirki da suka faɗi ba don sun ci amana ba sai don ma'aikatar da suka yi wa aiki ta riƙe musu kuɗi shekara da shekaru, kuma ko sun ci shari'a, sashe na 84 na dokar aiwatar da hukunci ya ce kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai an sami amincewar Antoni Janar. Ranka ya daɗe wannan a teburinka yake. Irin waɗannan mutane dokar da ke aiki za ta taimake su ne ma, a zauna a raba abin da ke akwai da adalci a sallame su su sake farawa, maimakon su yi ta ɓuya suna kashe waya. Wanda muke kuka da shi shi ne mai hali da ke ja da gangan, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira jinkirinsa zalunci.

Don haka ga abin da muke roƙo.

Ga majalisa, tunda ana ta maganar gyaran tsarin mulki, a dubi sashe na 251 a fayyace shi yadda da zarar an fara shari'ar karyewar kamfani, kotun da ke riƙe da ita za ta iya yanke duk wata jayayya a kan bashin da ake bin kamfanin, na kaya ne ko na albashi, a wuri ɗaya. A sa doka cewa mai jayayya da hurumi ya kawo ta a farkon shari'a cikin kwanakin da aka ƙayyade, kuma kotun da ta ga ba ta da hurumi ta tura ƙarar kada ta kore ta. A soke dokar 1979 a kawo sabuwa mai sauƙi da za ta yi wa mai shago da mai sunan kasuwanci aiki. A ware wa marasa jingina kaso sananne da lamba a cikin doka. A kuma ba mai kaya damar karɓar kayansa da ba a biya ba idan ya same su yadda ya kai su cikin wani ɗan lokaci kafin karyewar, ko da bai rubuta wancan sharaɗi ba.

Ga mai shari'a Babban Alƙali, akwai abubuwan da ba sai an jira majalisa ba. A ware alƙalai na musamman masu shari'ar karyewa a Abuja da Kano da Jos da Kaduna kamar yadda aka taɓa ware wa shari'o'in AMCON. A ba mai bin bashi damar miƙa hujjarsa a rajistarar Kotun Tarayya mafi kusa da shi ko da shari'ar a Legas take, da fom mai sauƙi wanda ba sai da lauya ba, kuma a bar shi ya halarci zama ta bidiyo. A umarci duk mai rushe kamfani ya yi sanarwa a rediyo da harshen mutanen wurin da kamfanin ya yi aiki, ya kuma aika saƙon waya ga duk wanda sunansa ke cikin littafin bashin kamfanin, ai lambobinmu na kan kowane rasit. Legas da Kano sun buɗe kotunan ƙananan basussuka kuma mutane na amfana, a ɗauki wannan ruhin a shigo da shi nan.

Ga CAC, tun gyaran 2023 an bar muku ku ƙayyade adadin bashin da za a iya neman rushe kamfani a kansa a maimakon naira dubu 200 da dokar ta tanada a da, muna roƙo kada a ɗaga shi ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, kuma a bar mutum goma masu ƙananan basussuka su haɗa nasu su kai. A sa alama a fili a shafinku ga duk kamfanin da aka naɗa wa risiba ko ake rushewa, yadda zan duba a wayata kyauta kafin in loda mota. Daraktan da kamfaninsa ya mutu da bashin mutane kuma a riƙa duba shi kafin a yi masa rajistar wani.

Mu ma akwai namu gyaran kuma mun fara. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu ne muke ba da kayan miliyoyi da kiran waya da Allah ya kaimu. Yanzu a layinmu mun buga sabon rasit mai ɗauke da sharaɗin cewa kaya namu ne har a gama biya, kuma muna neman mai kamfani ya sa hannu da sunansa a matsayin mai tsaya wa bashin. Muna roƙon ma'aikatar shari'a ta turo mana lauyoyinta ko na hukumar ba da agajin shari'a su zo Dei-Dei su duba wannan takarda su yi mana bayani da Hausa, za mu tara mutane mu ba da wuri da kujeru, duk ranar da kuka sa muna nan, in dai ba Juma'a da rana ba ce.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan kasuwar siminti da rodi,
a madadin 'yan uwansa masu bin bashi,
Dei-Dei, Abuja.